KURMIN BAƘI

Shafi na 19

Na Ini Nufe

Ku yi haƙuri da ni, jama'a. Kwana huɗu ban leƙo ba, har wata ta rubuto wai in na mutu a faɗa mata ta san inda za ta kai gaisuwa. Ban mutu ba, ƙawata. Shafin nan ne ya ƙi rubutuwa, duk na ɗauki waya sai tsigar jikina ta tashi, in ajiye.

Ga waɗanda suka shigo yau: ofishinmu na kula da kayan tarihi ne ya turo ni daga garin Gawa zuwa ƙauyenmu, Sorbira, in shata iyakar kurmin kakanni a taswira don doka ta hana a taɓa shi. Na shata, an sa hannu. Abin da ya faɗa wajen layina aka ba wa wani kamfanin haƙar zinariya. Ranar da zan ba ku labarinta, kwana ɗaya ke nan da suka kafa jajayen turaku a tudun kaɗanya, yamma da gari. Washegari da sassafe kuma katafila za ta iso.

* * *

Hantsi ya ɗaga, muna kan soron Kawu Bindute, yayan mahaifiyata, wanda shi ne mai ƙasa na Sorbira, wato mai yi wa ƙasa yanka. Tun da ya ga turakun nan bai sa komai a bakinsa ba. Burkutun da aka kawo masa yana nan a ƙwarya, ƙudaje na shawagi a kai.

Sai ga Sirima ya hawo tsani yana haki, kwamfuta a hammata. Abokin aikina ne, shi ke sarrafa ɗan jirgin nan marar matuƙi da mutanenmu suka laƙaba wa Zirnaƙo. Mutumin Banfora ne, mu da su kuwa abokan wasa ne, ba gaisuwa sai zagi.

Yau bai zage ni ba. Nan gabana ya faɗi.

Na ce, "Mashayin bammi, lafiya? Ko giginyarku ce ta ƙafe?"

Ya ce, "Ini, zauna."

"Ai a zaune nake."

"To ƙara zama."

Ya buɗe kwamfutar. Ashe jiya da la'asar ya tashi Zirnaƙo a kan tudun kaɗanya, don kawai ya tabbatar turakun kamfani ba su taɓa layina ba. Jirgin yana da wani haske da yake harbawa ƙasa, ya ratsa ganye da ciyawa, ya auno tudu da kwari. In an gama, kwamfuta ta share bishiyoyi duka ta bar maka ƙasa tsirara.

Ya danna. Bishiyoyi suka ɓace.

Jama'a!

Ganuwa ce. Ganuwa kwance a ƙarƙashin ciyawa, ɓangare uku miƙe sambal kamar an ja da igiyar magini. A cikinta ɗakuna a jere, lunguna, wata da'ira a tsakiya mai kama da bakin rijiya. Kurmin da na shata zai shiga cikinta sau bakwai har da ragi. Ɓangare na huɗu ne kawai babu, wajen rafi, ruwa ya cinye shi.

 A tudun nan na girma fa. Nan na koyi tsintar kaɗanya, nan kunama ta fara harbina. Ashe a kan ɗakunan mutane nake ta guje-guje ban sani ba.

Sirima ya ce a hankali, "Na ƙirga. Turakun kamfani sittin da ɗaya, duk a cikinta suke."

Na juya kwamfutar wajen Kawu.

"Kawu, duba."

Ya kau da kai. "Ba na kallo."

"Ka san da ita?"

Ya ƙura wa ƙwaryar burkutu ido.

"Kawu, da kai nake. Ka san da ita?"

"Rage murya, Ini."

"Ba zan rage ba! Kai ka shige gaba ka zagaya da ni kurmin bakin hanya. Kai ka nuna min tukwane da jini da gashin kaji. Ka ce nan kakanni suke. In nan suke, wannan ta wa ce?"

Ya daɗe yana murza gwiwarsa, sannan ya ce, "Wancan kurmin baƙi ne."

"Kurmin me?"

"Na baƙi. Zamanin kakan babana wani Bature ya zo da tafinta, ya ce a nuna masa inda muke ajiye iyayenmu. Dattawa suka ce ya dawo bayan kwana uku. Suka zaɓi wani kurmi a bakin hanya, suka jibga duwatsu, suka kife tukwane, suka sassaƙa gumaka suka shafe su da toka. Ya dawo, ya kwashi gumaka uku, ya tafi yana murna. Tun daga ranar duk baƙon da ya tambaya, can muke kai shi. Mai coci, mai makaranta, soja, masu ɗaukar hoto. Duk shekara muna yanka kaji a wurin don a ga jini sabo."

Sirima ya riƙe baki. "Shekara ɗari da ɗoriya kuna yanka wa iska kaji? Kai, masu kwari da baka! Da mu kuka ba wa, ai da mun sa muku albarka."

Kawu ya kusa yin dariya. Ni ko alama.

Na ce, "Ni fa, Kawu? Ni baƙuwa ce? A ɗakin da ke ƙarƙashinmu aka yanke min cibiya."

"Da motar gwamnati kika zo. Da takarda kika zo." Sai a lokacin ya dube ni, idonsa jawur. "Ba Ini na nuna wa ba, takarda na nuna wa. Na ɗauka in ta ƙoshi za ta tafi yadda Bature ya tafi. Ban san wannan takardar raba ƙasa take yi biyu ba, ta ce ciki a bari, waje a ci."

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye muku ba. Amma tausayinsa ya fi ƙarfin fushina. Mutum ne da ya bi abin da aka koya masa daidai, kuma daidai ɗin ne ya kai mu ga wannan.

Na kira daraktanmu nan take. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Hoton sama kaɗai ba zai tsayar da katafila ba, kin sani. Ina son awon ƙasa, a taka da ƙafa, layi ya rufe ta ko'ina. Ina kuma son sunan mai riƙon wurin da sa hannunsa. In sun iso ni kafin ƙarfe huɗu, zan kai a sa hannun dakatarwa yau. In sun wuce, ba abin da zan iya."

Na kashe waya na ce, "Kawu, tashi mu je ka zagaya da ni."

"Ban san iyakarta ba."

"Kawu!"

"Na rantse da ƙasar da nake yi wa yanka. Namiji bai sani ba. Mun san dai tana nan, mun san ba a noma tudun, ba a sare masa itace. Sauran ba namu ba ne."

"Na wa ne?"

 Ya dai sauke ido tsakar gida.

Kaka Debona ce zaune a gindin rumbu tana ɓare kaɗanya. Ƙanwar kakata ce, ta haura tamanin. Duk Sorbira an yarda kanta ya ɗan taɓu, don ita kaɗai take fita tsinta, tana magana da bishiyoyi. Ni kaina na sha yi mata dariya muna yara, Allah ya yafe min.

Na sauka tsani har ina tuntuɓe, na durƙusa gabanta.

"Kaka, barka da hantsi."

"Barka, matar gwamnati. Na ji ihunki tun daga nan. Haka ake wa kawu magana a Gawa?"

"Na tuba, Kaka. Gobe za su haƙe tudun kaɗanya. Ki nuna min iyakar."

Ta ci gaba da ɓara. "Iyakar me?"

"Kaka, don Allah."

"Ba na nuni. Ba na faɗa. Ba na zanawa ko da yatsan ƙafa. Ki tambaye ni yadda ake man kaɗe in koya miki, don na ga hannunki, ko tuwo ba ya iyawa."

Hawaye suka zubo min. Ta dube ni ta wutsiyar ido, ta karkaɗe zanenta, ta jawo sandarta.

Ta ce, kamar da kaji take magana, "Ni dai tsinta zan tafi. Wuyana ya daina ɗaukar kwando. Mai son taya ni ta cire takalmi, ta rufe baki, ta sa ƙafa inda na sa."

Kawu ya leƙo daga kan soro da sauri. "Inna, yarinyar nan ba ta san—"

Kallo ɗaya ta yi masa. Mai ƙasa guda ya haɗiye sauran maganarsa.

Ni kuwa ina na tsaya tunani? Na tuɓe takalma. Na ɗauko na'urar awona, wadda ke magana da tauraron ɗan'adam tana rubuta duk inda ka taka, na kunna ta, na sa a kwando, na rufe da ganye. Na ɗora a ka.

Sirima ya raɗa min, "Baiwata, in tsohuwa ta sayar da ke, rabona cinya."

Muka fita.

Ban san yadda zan faɗa muku tafiyar nan ba. Tsohuwar da ke jan ƙafa a gida, tana hawa tudun sai ta miƙe. Ba ta duba hagu, ba ta duba dama. Ciyawar damina ta kai mana ƙugu, amma ita tana ratsawa kamar hanyar rijiya.

Sai na fara ji a tafin ƙafata. Dutse. Wani dutsen. Wani kuma. Jajayen duwatsu sassaƙaƙƙu, a shimfiɗe kai ɗaya, ƙasa ta ɗan lulluɓe su. Sau ɗari na bi ta nan da takalmi ban taɓa ji ba. Na dafe kwando da hannu biyu.

Duk tsohuwar kaɗanyar da muka isa, Kaka ta dafa ta da tafin hannu, ta tsinci 'ya'ya biyu ko uku ta jefa min a kwando, ta wuce. Tana tafe tana ƙunƙuni, irin wanda muke cewa na hauka ne. Da na kasa kunne sai na ji sunaye ne. Sunayen mata. Ta jero su, in ta kai ƙarshe ta koma farko. Na ƙirga a zuci, goma sha takwas. Na ƙarshen shi ne nata.

Muka wuce kusurwa ta ɗaya. Muka wuce ta biyu. Muka bi ta gefen jajayen turaku, ko kallonsu ba ta yi ba.

A kusurwa ta uku dutse ya ƙare a ƙafata. Ga rafi, ga zaizayar ƙasa, ba komai. Na ce a raina shi ke nan, a nan layi zai karye.

Kaka ba ta ko rage sauri ba. Ta dafa wata kaɗanya, ta gangara, ta tsallaka ruwa har gwiwa, ta hau, ta dafa wata. A wani wuri babu bishiya, sai ruɓaɓɓen kututture. Nan ta tsaya. Ta tona ƙasa da sandarta, ta miƙo min hannu ba tare da ta waiwayo ba. Na ɗauko ƙwara ɗaya daga kwando na ba ta. Ta mayar min, ta nuna ramin da haɓa.

Ni na binne ta. Ku da kuka san mu kun san ba a dasa kaɗanya a ƙasarmu, Allah ke dasa ta. Haka aka gaya min tun ina goye.

Rana ta karkata muka dawo kan bishiyar da muka fara dafawa. Kaka ta sake jero sunayen a hankali, ta ƙara wani abu a ƙarshe da iska ta hana ni ji.

Ƙarfe uku da rabi muka shigo gida, ƙafafuna duk ƙaya. Sirima ya fizge na'urar ya haɗa da kwamfuta, ya ɗora sawunmu a kan hoton Zirnaƙo.

Shuɗin layi ya fito. Ya hau ganuwar ya bi ta, ɓangare na ɗaya, na biyu, na uku, bai kauce ko da kamu ɗaya ba. Da ya zo wajen rafi inda ba komai, sai ya miƙe ɗoɗar ya je ya haɗe da mafarinsa.

Sirima ya ce, "Ba zai yiwu ba. A nan fa babu dutse. Me ta bi?"

Na ce, "Maido da bishiyoyin."

"Me?"

"Bishiyoyin da ka share. Maido su."

Ya danna.

Wayyo, jama'a. Ga su nan. Tsofaffin kaɗanyu a jere a kan layin, ɗaya bayan ɗaya, ta cikin rafi, ta bayansa, har kusurwa. In kana ƙasa sai ka rantse a warwatse suke cikin sauran itatuwa. Daga sama kuwa katanga ce. Ruwa ya cinye ganuwar dutse, mata suka sake gina ta da itace, ƙwara ɗaya-ɗaya, mace bayan mace, ba wanda ya sani. Mu kuma da iliminmu, abu na farko da muka yi shi ne share ta don mu ga ƙasa sosai.

Sirima ya cire hularsa. Mutumin da ko a jana'izarmu zagi yake, ya dubi Kaka Debona ya ce, "Uwata, na yi shekara bakwai ina karatun awo. Ban kai ƙafarki ba."

Ta ce, "Ai ku bammi ne ya cinye muku ƙafa."

Ya yi dariya yana share ido. Ya shirya komai cikin minti biyar, ya miƙo min takarda.

"Saura layi ɗaya. Sunan mai riƙon wuri da sa hannu. Mu ɗauki hotonta mu haɗa mu tura."

Na ɗauko tawadar dangwale, na durƙusa. "Kaka, kawo babban yatsanki."

Ta ɓoye hannunta a zane.

"Na me?"

"Ke ce mai riƙo."

"Ni? Da safe dai ni ce."

Na dubi Kawu. Ya sauko daga soro yana tsaye bakin zaure, kansa a ƙasa.

Na ce, "Ban gane ba."

Kaka ta ce, "Wadda ta cire takalmi, ta ɗauki kwando, ta zagaya ba ta yi magana ba, ta binne ƙwara da hannunta, ita ce mai riƙo. Haka aka yi min ina da cikin fari. Shekara tara ina cewa wuyana ya gaji, ba wadda ta tashi. Wannan ta tafi Bobo, waccan ta tafi Abijan. Yau kin tashi." Ta ɗaga yatsu tana lissafi. "Goma sha tara. Ba ki ji na kira ki a gindin bishiya ba?"

Ƙasa ta juya min. Na zauna daɓas.

"Kaka, kin san na sa na'ura a kwando?"

"Na tsufa ne, ban makance ba."

"To don me kika bar ni?"

"Ni ban nuna ba, ban faɗa ba, ban zana ba. Na tafi tsinta. Zan je wurin sha bakwai ɗin can da bakina a wanke."

"In na tura fa?"

"Mai riƙo ta yi nuni ke nan. Ƙirga ta tsaya a kanta. Ba mace da za ta sake ɗaukar kwando a bayanta, wurin ya zama kango irin kowane kango, baƙi su zo su ɗauki hoto."

"In ban tura ba, gobe katafila ta nike shi!"

"Haka ne."

Sirima ya yi wuf ya ce, "Ni in tura. Ni baƙo ne, ba abin da ya hau kaina."

"A kanka kwandon ya zagaya?" in ji Kaka. "A kanta ya zagaya. Ko kare ne ya kai saƙon, bakinta ne."

Na kama ƙafarta. "Kaka, ki faɗa min abin da zan yi."

Ta zare ƙafar a hankali.

"Shekara sittin ni ake tambaya. Na gaji."

Sai ta dafa sandarta, ta sauko daga kujera. Tsohuwar da ta yi wa uwata wankan jego ta kai gwiwa ƙasa a gabana, ta tafa hannu sau biyu, irin gaisuwar da ake wa manya. Kawu Bindute ya tako daga zaure, ya cire hula, ya tsuguna kusa da ita.

Ya ce, "Uwar tudu, muna sauraronki."

Wayata ta fara ruri a kan tabarma.

Darakta.

Ƙarfe huɗu saura minti tara.